Inna Gaji da Wayar Mamaciya

A unguwar Yalwawa, idan mace ta cika, kafin labari ya kai kunnen liman ya riga ya kai kunnen Inna Gaji. Ita ce mai wankan gawa. Ba naɗa ta aka yi ba, ba kuma albashi take ɗauka ba. Tun tana amarya uwar mijinta ta fara jan ta gidajen rasuwa don ta riƙe mata buta, da tsohuwar ta kwanta dama sai aikin ya zauna a hannunta. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, ba ta da yawan magana, mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da take ci da shi daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa, a faranti a bakin zaure. Akwai matan da ba sa sayen daddawarta, wai hannun gawa ne ya mulmula ta. Abin dariya, su ɗin ma dai hannun ne zai juya su wata rana, kuma ba za su ce uffan ba.

Da ladabi take aikinta. Sai ta yi wa mamaciya sallama kafin ta taɓa ta. Ruwan ba zafi ba sanyi, da gwiwar hannu take gwada shi kamar na jariri. Ta zuba garin magarya, ta ajiye kafur don wankan ƙarshe, ta rufe al'aura da zane ta yi aikinta ta ƙarƙashinsa. In za ta juya gawa sai ta ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, zan juya ki." Sannan akwai doka guda da ba ta taɓa karyawa ba: abin da ta gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake zama. Ta ga tabon duka, ta ga cikin da ba a san da shi ba, ta ga layu a inda ba a zata ba. Mata sun sha zagayo ta da hira ko za ta saki wani abu. Sai ta ce, "Allah ya jiƙanta," ta tambaye su ko kuka suke so ko daddawa.

Amma akwai abin da ya daɗe yana tsaya mata a rai, wani wari ne. Ba warin mutuwa ba, wannan ta saba da shi, ba ya damunta. Shi wannan tun da ransu matan suke ɗauke da shi, kamar ruwan da aka wanke nama aka manta da shi a bayan ɗaki. Da ta shiga zaure ta ji hayaƙin turaren wuta ya yi yawa har yana shaƙe mutum, ta san abin da za ta tarar a ciki: mace ta rame ta ƙare, tsummoki a tare a lungu, jini da ruwa ta ƙasa. Dangi su ce sanyi ne, wasu su ce jifa aka yi mata, wasu su ce ciwon ciki ne kawai. Kuma yawanci ba tsofaffi tukuf ba ne, mata ne masu 'ya'ya a makaranta. Inna Gaji ba ta san sunan ciwon ba, hancinta ne kawai ya san shi.

Gab da faɗuwar damina aka kira ta gidan Malam Muntaka. Matarsa Ikilima ce ta rasu, malamar firamare, mace mai fara'a wadda in tana koyarwa ana jin muryarta daga bakin titi. Turaren ya tare Inna Gaji tun daga zaure. Ta yi aikinta, ta tsefe mata kai ta kitse shi gida uku, ta ɗaure mata haɓa da farin ƙyalle, maza suka ɗauka. Bayan an raba gado sai mahaifiyar Ikilima ta zo da kanta da ƙullin zannuwan sadaka, yadda aka saba yi wa mai wanka. Da ta tashi tafiya ta zaro waya daga jaka, irin mai shafawar nan, ta ajiye a kan tabarma tare da cajarta.

"A rabona ta faɗo," in ji ta. "An cire layin. Ki riƙe, Inna, Allah ya kai mata ladan. Ni ba zan iya zama da ita ba."

"Me zan yi da wayar 'yan boko, Hajiya?"

"Ki dai riƙe." Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Washegari da hantsi Inna Gaji tana tsakar gida tana shanya kalwa. An yi ruwa da asuba, rana ta fito, ƙasa tana tururi, unguwa tsit. Sai ta ji an yi sallama daga cikin ɗakinta. Har ta amsa kafin ta tuna babu kowa a gidan.

"Ni ce Ikilima," in ji muryar. "'Yar'uwa, wannan ciwon ba ya sallama. Sankarar bakin mahaifa ake ce masa. Ni kunya ta hana ni zuwa, na tsaya sai da na fara jin wari. Kada ki jira ki ji ciwo. Ki je asibiti a duba ki tun kina jin kanki lafiya."

Muryar ta ja numfashi, ta yi ɗan tari. Can a bayanta ana jin wata tana daka, zakara ya yi cara. Daga nan wata mace daban ta karɓa, mai murya irin ta ma'aikatan rediyo, tana bayanin cewa gwajin ba ya ɗaukar lokaci, mace ce take yi wa mace, kuma in an ga abin da wuri ana maganinsa.

To, Inna Gaji ba wawiya ba ce. Ta san ana naɗar murya a waya, matan maƙwabta kullum cikin aika wa juna suke. Amma sanin bai hana tsikar jikinta tashi ba, don ita da hannunta ta ɗaure wannan haɓar. Ta daɗe a tsaye da faifai a hannu. Da ta samu ƙarfin shiga ɗakin, ta tarar fuskar wayar tana haske, da zanen cikin mace a kai. Ta kifa mata faifan ta fito.

Abin da ba ta sani ba a lokacin shi ne, wata manhaja ce da ma'aikatan lafiya suke sa wa mata a waya don ta wayar musu da kai game da ciwon. A ciki akwai inda mace za ta naɗi nata saƙon ta sa masa lokacin da zai riƙa tashi. Ikilima ta naɗi nata tana kwance, ta sa shi kullum da hantsi, saboda ƙannenta da suke jinyarta. Ta rasu, saƙon bai san ta rasu ba, a gidan kuma aka rasa wanda zuciyarsa za ta bar shi ya goge.

Haka aka shiga yi kullum. Hantsi ya yi, Ikilima ta yi sallama. Inna Gaji ta taɓa barin cajin ya ƙare, wayar ta yi kwanaki shiru. Wallahi shirun ya fi maganar tayar mata da hankali. Hantsi na yi sai ta sami kanta ta kasa kunne, tana jin kamar ta toshe bakin mamaciya tana tsakiyar wasiyya. Da aka kawo wuta ta jona ta.

Ko sau ɗaya ba ta ɗauka da ita ake ba. A ganinta wannan magana ta masu miji ce, masu haihuwa. Ita ma dai tana da 'yar lalurarta, amma ba ta sa ta a lissafi ba. Bayan shekaru da ɗaukewar al'ada, ɗan jini ya dawo mata jefi-jefi, ga ciwon ƙugu. Abin da ya dame ta a ciki salla ce, don haka ta tari Malama Nana Aisha bayan an tashi daga Islamiyyar mata ta tambaye ta a asirce. Malama ta ce, "Ba haila ba ce, jinin ciwo ne. Ki yi tsarki ki yi alwala ki yi sallarki. Amma fa ki je asibiti, Inna." Inna Gaji ta ɗauki rabin farko, don shi ta zo nema, ta bar wa Malama sauran.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya kayar da bangon ɗakin 'yarta Rabi'atu a Ringim. Mijin direban babbar mota ne yana kudu, aka rarraba yaran gidajen dangi, ita kuma ta taho Yalwawa kafin a gyara. Rabi'atu 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta aka kai ta wajen gwaggonta, can ta girma can aka yi mata aure. Inna Gaji mutuniyar zamanin da ce, kunyar 'yar fari ta riƙe ta gam. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", alhali yarinyar ta kusa arba'in, ita ma tana shirin aurar da tata. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa doguwar hira. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a unguwar ya san in an ce Rabi'atu ba ta da lafiya Inna ba ta iya haɗiyar tuwo. Ɗaki ɗaya ne ba ya yoyo a gidan, dole suka haɗu a cikinsa, uwa a gado 'ya a katifa a ƙasa. Wayar kuwa Inna ta kai ta ɗakin ajiya ta danne da tsumma har cajin ya ƙare, don kada ta firgita baƙuwa.

Wata rana bayan azahar ruwa ya sauko da iska, suka shige ɗaki suka rufe ƙofa da taga. Rabi'atu tana tsintar wake, Inna tana jan carbi. A nan Inna ta ji warin nan. Kaɗan ne, can ƙasa-ƙasa, amma shi ne. Carbin ya tsaya a hannunta.

Da farko ta ce hannunta ne ya ɗauko. Ta wanke da sabulu, ta dirje da toka. Ta ce zannuwan sadakar ne, ta kwashe su ta fitar. Bai hana komai ba. Duk lokacin da aka rufe ƙofa su biyu, yana nan. Sannan ta lura da abin da ya ƙarasa kashe mata jiki: Rabi'atu ta tsiri kunna turaren wuta safe da yamma, mace ba miji a kusa, ba biki ba suna. Inna Gaji ta san gidajen da ake irin wannan turaren.

Wani zafin rana Rabi'atu ta kwanta barci ya ɗauke ta, ta miƙe sambal a kan katifa, mayafi ya rufe mata fuska saboda ƙuda. Inna ta shigo ɗaukar ludayi ta tsaya tana kallonta. Ba ta ankara ba sai ta kama idonta yana auna ta daga kai zuwa ƙafa, yana lissafin yadin da zai ishe ta. Ta yi a'uziyya ta fito da baya, ta zauna a kan turmi. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a gaban gawa ko ɗaya.

Ta ina za ta fara? Ta faɗi abin da ta gani a jikin matan mutane, ta ci amanar matattu. Ta dubi 'yar fari ta yi mata zancen gabanta, wannan kuwa harshenta ba zai ɗauka ba. Sai dabara ta zo mata, wai tunda akwai mai faɗa, a bar ta ta faɗa. Da safe ta ɗauko wayar ta yi mata caji, ta ɓoye ta a kan taga bayan kwanuka, ta yafa mayafi ta ce za ta kasuwa sayen kalwa. Ta yi ta yawo a rumfunan kasuwa ba ta sayi komai ba, har rana ta take.

Da ta dawo ta tarar Rabi'atu tana share tsakar gidan da aka riga aka share. Rabi'atu ta yi mata sannu da zuwa a taƙaice. Inna ta leƙa bayan kwanukan, babu waya. Ta kasa tambaya. Haka suka wuni suna gilmawa a gaban juna.

Hantsin da ya biyo baya suna tsakar gida su biyu, Inna tana mulmula daddawa, Rabi'atu tana wanke-wanke. Sai sallamar ta zo. Wannan karon a dakushe ta zo, daga ɗakin ajiya, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ashe cikin buhun gero Rabi'atu ta binne wayar. "Ni ce Ikilima," in ji muryar ta cikin hatsin. Babu wadda ta amsa, babu wadda ta ɗaga kai. Kowace ta ci gaba da aikinta kamar kurma, har muryar ta kai wajen warin, ta yi tarinta, zakaran ya yi cara.

A nan Inna Gaji ta ga wautar kanta. Ikilima ta tona nata asirin da bakinta, ta ajiye kunya tana bakin kabari saboda mata su tsira, ita kuma mai rai ta laɓe a bayan mamaciya. Ta goge hannu a zane.

"Rabi'atu."

Rabi'atu ta waiga wajen zaure tana neman wadda ta shigo, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba.

"Ni ce na kira ki. Kin ji abin da baiwar Allah nan ta ce. Ni na wanke ta. Ba zan faɗa miki abin da na gani ba, ta riga ta faɗi wanda za a faɗa. Warin da take magana na san shi, kuma yana ɗakin nan. Gobe za ki je a duba ki."

Rabi'atu ta ɗago ta dube ta, dogon kallo, irin wanda ba ta taɓa yi mata ba.

"Ni, Inna?"

"Ke. Na wanke na mutane, ba zan wanke nawa ba."

Idon Rabi'atu ya kawo ruwa. Can ta ce, "To, zan je. Amma in an duba ni, ke ma a duba ki."

"Ni tsohuwa? Mahaifinki shekara nawa a ƙasa?"

"Sharaɗina ke nan, Inna."

Inna ta yarda. Ta ɗauka tsoro ne, irin na yaron da ba zai sha magani ba sai uwa ta kurɓa.

Da safe suka shiga adaidaita sahu, suka bi ta gefen duwatsun nan da damina ta sa ciyawa ta tsiro a tsagoginsu. A asibitin, mata sun cika benci. Da suka ga wadda ta shigo, sai aka fara matsawa a hankali, har Inna Gaji ta sami fili kamar matar gwamna. Ta saba, ta zauna abinta. Aka kira Rabi'atu, ba ta daɗe ba ta fito. Sannan aka kira uwar.

Ma'aikaciyar, Sista Raihana, matashiya ce mai sanyin hannu. Ta sa ta ta hau gado ta kwanta rigingine, ta rufe ta da zane, ta sa safar hannu. Inna Gaji tana kallon silin, ta ji baƙon abu, don duk rayuwarta ita ce a tsaye wata a kwance. Sista tana ta jan ta da hira, ina ne gida, jikoki nawa. Sai hirar ta yanke. Inna ta san wannan shirun sarai, ita ma irinsa take yi.

"Inna, tun yaushe kike ganin jini?"

"An jima. Na tambaya, an ce ba ya hana salla."

"Ba ya hanawa." Sista ta cire safar a hankali, ta taimaka mata ta tashi zaune. "Ba zan ɓoye miki ba, na ga abin da ban so ba. Ba ni zan yanke ba, za mu tura ki babban asibiti a Kano su ɗebi kaɗan su gwada. Amma kada a ja lokaci, ko mako kada a ƙara."

"Yarinyar fa?"

"'Yarki ta ce in kin tambaya in faɗa miki. Ban ga komai ba, lafiyarta ƙalau."

"Kin duba da kyau?"

"Na duba da kyau, Inna."

"Alhamdulillahi," in ji Inna Gaji. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa, har Sista ta tsaya tana kallonta, tana shakkar ko tsohuwar ta fahimci abin da aka gaya mata. Ta fahimta. Daɗi ne ya rigaya tsoro isowa, daɗin da ya sa ta manta da neman takalminta.

A waje Rabi'atu tana tsaye a gindin darbejiya, ta cusa bakin mayafi a baki. Tun kafin uwar ta ƙaraso ta karanta a tafiyarta. Ta durƙusa a gabanta cikin taɓo, ba ta damu da masu wucewa ba.

"Tun ranar da na sauka na ji warin a jikinki, Inna. Saboda ke nake kunna turaren, kada baƙi su ji. Da wayar nan ta yi magana na ɗauka ke take kira, shi ya sa na binne ta. Kullum sai na ce yau zan faɗa miki, in na dube ki sai bakina ya mutu."

Damina ta kusa ƙarewa suna ɗaki ɗaya, kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asiri, ciwon kuma yana aikinsa. Inna Gaji ta sunkuyar da kai cikin mayafinta ta shaƙa a hankali, a tsakiyar fili, iska tana kaɗawa, ba ƙofa a rufe. Yana nan.

Ta miƙa hannu ta kamo damtsen 'yarta ta ɗaga ta.

"Tashi, Rabi'atu, zanenki zai ɓaci. Ni ban san hanyar asibitin Kano ba, ke za ki kai ni."